Yadda Ake Sanya Soson Hannu a Kan Babur Domin Rage Gajiya da Sanƙarewar Yatsu

Duk wanda ya taɓa tasowa daga Kawo ta garin Kaduna a kan babur, ya bi ta Rigachikun da Jaji har ya shiga Zariya, tafiyar da ta kai kusan kilomita 80, ya san halin da hannu yake shiga idan an sauka. Yatsu sukan sanƙare, tafin hannu ya riƙa zugi, wani lokaci ma mutum ya kasa zaro kuɗi daga aljihu sai ya ɗan jima yana yarfa hannu. Ba sai an yi doguwar tafiya ba kuwa, domin wanda yake wuni yana kai-komo tsakanin Rigasa da Kasuwar Barci da Kakuri shi ma da irin wannan gajiyar yake komawa gida.

Abubuwa biyu ne suke haɗuwa su jawo hakan. Na farko shi ne girgizar inji. Yawancin baburan da muke hawa a Kaduna, irin su Bajaj Boxer da TVS da Jincheng da Haojue, silinda ɗaya gare su, wato fistin guda ne yake hawa yana sauka, babu na biyun da zai daidaita bugunsa. Idan inji yana juyawa sau 6,000 a minti ɗaya, sau 100 ke nan a daƙiƙa guda, kuma wani kaso na wannan karkarwa yana bin jikin babur ya hau ƙarfen kai ya ƙare a tafin hannu. Abu na biyu shi ne riƙo. Kaurin ƙarfen kan irin waɗannan babura milimita 22 ne, robar da ke kansa kuma siririya ce, ga shi rana tana busar da ita har ta yi tauri kamar ƙaho. Hannu ba ya samun cikawa a kanta, saboda haka mutum yakan damƙe ta da ƙarfi ba tare da ya sani ba. Damƙar nan tana matse jijiyoyi biyu da suka ratsa wuyan hannu: ɗaya ita ce mai kai ji ga babban yatsa da manuni da na tsakiya, ɗayar kuma ita ce mai kula da ƙaramin yatsa da gefen wanda ke kusa da shi. Shi ya sa wani yake kukan yatsunsa uku na farko ne suke mutuwa, wani kuma ya ce na ƙarshe ne.

Soson hannu wani gajeren bututu ne mai laushi da ake zurawa a kan robar hannu ta asali ba tare da an cire ta ba. A ƙasashen waje an fi kiransa da sunan wani samfuri da ya shahara, Grip Puppies, amma akwai ire-irensa da yawa marasa suna. Masu sayarwa sun fi tallarsa da cewa yana shanye girgiza, kuma yana shanye wani abu daga ciki, musamman ƙananan karkarwar nan mai sauri ta inji. A ganina dai babban amfaninsa shi ne ƙarin kaurin da yake yi wa mariƙin, wanda yake sa hannu ya cika, nauyin jiki ya bazu a faɗin tafi, mutum ya sassauta damƙa. Bugun rami kuwa, ko na tudun rage gudu, ba aikinsa ba ne, wannan aikin shoka ne da taya.

A fara duba babur ɗin kansa

Kafin a kashe ko kwabo, ya kamata a tabbatar girgizar da ake ji ta lafiyayyen inji ce. A kai babur wurin bakanike ya taɓa notukan da suka riƙe inji a jiki, da waɗanda suka ɗaure ƙarfen kai, ya duba boris ɗin wuya, ya ga ko sarƙa ta saki ko ta yi tsauri, ya juya ƙafar gaba ya ga ko wili ya lanƙwashe. A kuma duba iskar taya, domin da yawa daga cikinmu muna sa a cika taya tam saboda ɗaukar kaya, alhali tayar da ta sha iska fiye da kima tana aiko da kowace tsakuwa zuwa hannu. Idan babur yana da dunƙulen ƙarfe a ƙarshen kai dama da hagu, to ba ado ba ne, an sa shi ne domin nauyinsa ya rage karkarwa, kuma idan ɗaya ya faɗi sai a nemo a mayar. Wanda ya rufe sakakken noti da soso ya ɓoye wa kansa alamar da babur yake ba shi ne kawai.

Awo

Matakin farko na aikin shi ne awo, kuma zare da rula sun wadatar. A naɗa zare sau ɗaya a tsakiyar robar hannu, a kama inda ya haɗu, a miƙe shi a kan rula. Idan zaren ya ba da santimita 10, to faɗin robar daga gefe zuwa gefe ya kai kusan milimita 32, domin ana raba tsawon zaren ne da 3.14. Daga nan sai a auna tsawon robar, daga leɓen nan mai faɗi da ke kusa da makunnan fitila da hon har zuwa ƙarshenta, wanda a yawancin babura bai cika wuce santimita 12 ko 13 ba. Robar dama ta fi ta hagu faɗin rami, saboda tana zaune ne a kan bututun totur, amma ta waje kaurinsu kusan ɗaya ne, don haka soso iri ɗaya ake sa wa ɓangarorin biyu.

Ƙa'idar da ba a wasa da ita ita ce ramin soson ya ɗan gaza kaurin robar, yadda sai an yi ɗan kokawa kafin ya shiga. Ba gam ke riƙe shi ba, matsewa ce. Soson da ya shige salin-alin tun yana bushe ya yi yawa, kuma zai riƙa juyawa a hannu komai aka yi masa.

Akwai kuma awon hannun mai babur, wanda mutane ba su cika tunawa da shi ba. Idan kaurin bangon soson milimita 4 ne, faɗin mariƙin zai ƙaru da kusan milimita 8, abin da yatsu za su zagaye kuma ya ƙaru da kusan santimita biyu da rabi. Ga mai babban hannu wannan hutu ne, amma ga mai gajerun yatsu, ko matashi, ko macen da take hawa ɗan roba-roba zuwa wurin aiki, yana iya nesanta birki daga yatsu. Ana iya gwada wannan a gida: a naɗa hankici ninki biyu ko uku a kan robar, a zauna a kan babur yadda aka saba, a kai yatsu ga birki da kuloci. Idan sai an saki mariƙin ko an karkata wuyan hannu kafin gaɓar farko ta yatsu ta kama su, to a nemi soso marar kauri sosai, ko a haƙura a sauya robar da wata mai laushi.

Zaɓen soso

A nan ne ake yawan yin asara, domin ba kowane soso ne ya dace ba. Iri biyu ne. Akwai mai buɗaɗɗun ƙofofi irin na katifa da kujera, wanda yake shan ruwa ya riƙe, akwai kuma mai rufaffun ƙofofi, dangin wanda ake yin silifas da shi, wanda ruwa ba ya ratsa shi sosai. Na biyun ake nema. A garin da ruwan Agusta yake iya wuni yana zuba, soson katifa a hannun babur jiƙaƙƙen tsumma ne mai wari, kuma ba ya yin wata biyu yake fara marmashewa.

Ko a wurin masu kayan babur aka je, ko a kasuwar Panteka, ko kuwa ta intanet aka yi oda aka kawo, ga yadda ake gane nagari. A manna baki a jikinsa a hura. Idan iska ta wuce cikin sauƙi, mai shan ruwa ne. A matse shi da yatsu biyu a saki, a ga ko zai koma yadda yake nan take ba tare da ya bar gurbi ba. A ɗan buɗa bakinsa da yatsu a duba ko tsaga za ta bayyana, domin wanda ya daɗe a rataye a rana yakan fara tsattsagewa tun a shago. Kada a yarda a karɓi soson hannun keke a madadinsa, shi an yi shi ne don ya zauna a kan tsurar ƙarfe, raminsa ya yi ƙanƙanta ya hau kan roba, kuma idan aka tilasta masa yagewa zai yi. Wasu suna yanko baƙin soson nan da ake rufe bututun na'urar sanyaya ɗaki da shi. Ba ya shan ruwa, gaskiya ne, kuma yana iya fitar da mutum na 'yan kwanaki, amma ya cika laushi, zufa da murzawa suna cinye shi da wuri. Araha dai ba ta ado.

Shirin aiki

Kayan da ake bukata kaɗan ne: kofin ruwa, da sabulun ruwa na wanke kwanuka, da tsumma mai tsabta, da sabuwar reza ko wuƙa mai kaifi, da biro, da alanki ko sukundireba idan akwai dunƙulen ƙarfen da za a kwance. A zaɓi yammacin ranar da ba za a sake fita da babur ba, domin aikin kansa bai fi rabin awa ba, amma bushewa tana son kwana. A kafe babur a inuwa a kan ƙafarsa ta tsakiya, a kashe inji, a zare makulli.

Kafin a taɓa komai, a murɗa totur har ƙarshe a saki, a saurari yadda yake komawa. Lafiyayyen totur yana komawa da kansa nan take har a ji ɗan ƙas. A kuma lura da ɗan wasan da yake yi kafin waya ta fara ja, wanda a littattafan babura da yawa ake so ya kasance tsakanin milimita 2 zuwa 6. Idan tun yanzu yana komawa a kasalance, a fara gyara wayarsa tukuna, in ba haka ba daga baya ba za a san ko soso ne ya jawo matsalar ko dama can tana nan ba.

Sai a kwance dunƙulen ƙarfen ƙarshe idan akwai, a adana sukurorinsa da wasarorinsa yadda suka fito. A warware duk abin da aka taɓa naɗa wa mariƙin, ko robar tsohon tuf ce, ko salatif, ko jelar fata ta ado. A kama robar hagu a murɗa da ƙarfi. Idan tana juyawa a kan ƙarfe, a zare ta a shafa gam a mayar, a bari ta kama kafin a ci gaba, domin soso a kan sakakkiyar roba aikin banza ne. Robobin ado masu zoben ƙarfe ko manyan ƙusoshi su ma ba su dace ba, suna huda soso ta ciki. Bayan haka a wanke robobin biyu da ruwa da sabulu har maiƙon zufa da ƙura ya fita, a goge su bushe. Kada a wanke da fetur ko kananzir, suna lalata roba.

Yanka yana zuwa kafin sawa. A ɗora soson kusa da robar a yi alama da biro, na hagu daidai tsawon robar, na dama kuma a rage masa milimita 2 ko 3. Domin yankan ya fita a miƙe, a zura masa sandar tsintsiya ko wani zagayayyen itace, a dafa reza a kan alamar, a riƙa juya sandar a hankali har a zagaye. Gefen da aka yanka shi za a tura ciki wajen leɓen roba, gefen da ya zo a gyare daga kamfani ya tsaya a waje.

Sawa: a fara da hagu

A tsoma sososhin cikin ruwa mai ɗumi na 'yan mintuna domin su yi laushi, ruwan da hannu zai iya jurewa, ba tafasasshe ba. A ɗiga sabulun ruwa ɗigo uku ko huɗu a kofin ruwa a motsa. Yawan sabulu ba gwaninta ba ne a nan, domin abin da ya saura a ciki ba ya tafiya ko'ina, yana nan kwance, ranar da ruwan sama ya taɓa shi sai santsinsa ya dawo. Garin sabulun wanki ma gara a guje shi saboda yana barin gari-gari. Wanda yake da sifirit irin na kemis zai iya amfani da shi a maimakon ruwan sabulu, yana bushewa da sauri ba ya barin komai, sai dai yana bukatar hanzari.

Abin da ba a kusantowa ko kaɗan shi ne mai, kowane iri: baƙin mai, giris, man gyaɗa, man shafawa. Na koyi wannan ne da kaina. Karon farko da na sa soso, wani yaro mai koyon aiki na bari ya sa mini, ina can ina amsa waya, ashe ya lakato baƙin mai ya shafa. Da na tambaye shi sai ya ce, "Maigida, ai da shi ya fi saurin shiga." Ya kuwa shiga da sauri. Washegari a hanyar Mando na murɗa totur zan wuce wata tirela, sai soson ya juya a hannuna shi kaɗai, injin bai amsa ba. Allah ya tsare babu abin da ke tahowa. Mai ba ya bushewa, kuma yana narkar da soso a hankali.

A jiƙa cikin soson da jikin robar da ruwan sabulun. A sami wani ya riƙe kan babur, ko a juya kan har ya tokare. A buɗa bakin soson da manyan yatsu biyu a ɗora shi a ƙarshen robar, kamar yadda ake sa wa yaro safa, sai gefe ɗaya ya hau sannan a bi da sauran. Da zarar ya kama da kamar santimita biyu, sai a koma turawa daga baya da tafin hannu, ana yi ana murɗawa dama da hagu. Turawa ake yi, ba ja ba. Idan aka kama bakin gaba aka ja, soson yakan miƙe ya tsuke, ya ƙara damƙe robar, daga nan sai yagewa. Idan kuwa aka turo daga baya, tattaruwa yake yi ya buɗe, ya zame gaba. Idan ya tsaya a tsakiya ya ƙi motsi, a ɗaga bakinsa a ɗiga ruwa, kada a zura sukundireba. Wanda yake kusa da mai faci yana da wata hanyar mai sauƙi: a zura bakin tiyon iska a ƙarƙashin soson a ɗan saki iska kaɗan-kaɗan, zai kumbura ya tashi daga jikin roba, a tura shi ya tafi.

Idan ya isa leɓen roba, a bi shi da hannu a daidaita inda ya tattare ko ya murɗe, domin yadda ya bushe haka zai zauna.

Ɓangaren totur

Hanyar sawa ɗaya ce, amma a nan kuskure yana iya kai mutum asibiti, saboda haka a natsu. Robar dama ba a kan ƙarfe take ba, tana kan wani bututun roba mai tauri, mai juyawa, wanda yake jan wayar mai. A riƙe leɓen robar da hannu ɗaya domin kada a danna bututun da ƙarfi cikin akwatin makunnai, kuma kada a riƙa fizgar totur zuwa ƙarshensa yayin murɗa soso, don kada a wahalar da waya.

Wurare biyu ne soso yake iya kama totur. Ta ciki, idan ya haye leɓen roba ya taɓa akwatin makunnai, wanda shi ba ya juyawa. Ta waje kuma, idan ya zarce ƙarshen roba ya goga jikin dunƙulen ƙarfe bayan an mayar da shi, domin shi ma dunƙulen a kafe yake. Wannan ne dalilin rage masa milimita 2 ko 3 tun wajen yanka. Bayan an mayar da dunƙulen an ɗaure, a zura katin cirar kuɗi ko ninkakkiyar takarda tsakaninsa da soson, a zagaya da shi. Ya kamata ya wuce ba tare da ya maƙale ba. Idan ya maƙale, a sake kwancewa a rage soson da reza. Kada a ce ai da amfani zai saki, domin soso bajewa yake yi idan ya sha matsa, tsawonsa ƙaruwa yake yi, ba raguwa ba.

Yanzu a maimaita gwajin farko, injin yana kashe. A murɗa totur har ƙarshe a saki, kan babur yana miƙe. A juya kan zuwa hagu har ya tokare a sake gwadawa, sannan zuwa dama. A duka ukun sai an ji wannan ƙas ɗin da aka ji kafin a fara aiki. Totur ɗin da yake komawa a hankali, ko yake tsayawa a rabi, ba a hawa da shi ko zuwa bakin layi.

Bushewa da gwaji

A naɗa busasshen tsumma a kan kowane soso a matse, daga ciki zuwa waje, domin ruwan da ke ƙarƙashi ya fito. Sai a bar babur ya kwana. A lokacin hunturu, da iska take busar da wanki kafin azahar, dare ɗaya ya isa. A tsakiyar damina gara a ba shi yini da kwana. Da safe a kama kowane ɓangare a murɗa da iyakar ƙarfi. Na hagu bai kamata ya motsa ba, na dama kuma ya tafi tare da totur kamar abu ɗaya. Wata dabara mai amfani ita ce a ja ɗan layi da biro daga leɓen roba zuwa kan soso. Idan bayan kwana biyu layin ya rabu, an san soson yana zamewa ko da hannu bai ji ba.

Idan ya zame, mafi yawanci sabulu ne ya yi yawa. A zare shi, a ɗauraye shi da robar sosai, a mayar da ruwa zalla. Idan ya sake, to ramin ne ya yi faɗi, sai a sauya. Kada a ɗura masa gam mai kamawa nan take, yana sandarar da soso ya zama kamar ɓawon rake, kuma idan ya gangara cikin bututun totur an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Daga nan a tayar da inji a firi, wato ba a cikin giya ba, a bar shi a silo, wato yana aiki ba tare da an murɗa totur ba, a juya kai dama da hagu. Sautin inji bai kamata ya tashi ba.

Saura birki da kuloci, waɗanda da yawa suke mantawa da su. Tun da mariƙi ya ƙara kauri, tazarar da hannun kuloci yake tafiya kafin ya tokare ta ragu. Idan aka ga babur yana ɗan jan jiki alhali an matse kuloci, ko giya tana shiga da ƙara, ko firi yana wuyar samu, to kuloci ba ya rabuwa sosai, sai a rage wasan wayarsa. Littattafan babura da yawa suna ba da wasan milimita 10 zuwa 20 a ƙarshen hannun kuloci. Birkin gaba ya fi wannan muhimmanci. A matse shi da ƙarfi a duba: dole ya kama ƙafa gam tun hannunsa bai taɓa soso ba. A baburan da birkinsu na waya ne, ana ƙara notin da ke jikin ƙafar gaba har a sami hakan, sannan a juya ƙafar a tabbatar ba ta goga. Tun da an zo nan, a zauna a kan babur a miƙa yatsu a kan hannayen birki da kuloci, a ga ko damtse da wuyan hannu da yatsu sun yi layi ɗaya. Idan wuyan hannu yana lanƙwasa sama, a sassauta notin maɗaurinsu a ɗan sunkuyar da su, a sake ɗaurewa. Wannan ɗan gyaran kaɗai yana rage wa wasu ciwon da suka yi shekaru suna fama da shi.

Hawan farko a yi shi a layin unguwa marar cunkoso, ba a Titin Ahmadu Bello da hantsi ba. Totur zai zama kamar ya yi sauƙin murɗawa saboda faɗin da ya ƙaru, kuma hannu yana bukatar kwana biyu ko uku kafin ya saba da sabon ma'auni. A gwada tashi da tsayawa da birkin gaggawa sau da yawa. A kuma koya wa hannu sabon riƙo da gangan, domin wanda ya ci gaba da damƙa kamar da zai matse soson ya koma kamar babu shi: a riƙe tanki da gwiwoyi, a bar gwiwar hannu a ɗan tanƙware, kafaɗa a sake, mariƙi kuma a riƙe shi da ƙarfin da bai wuce na musafaha ba. A doguwar tafiya a riƙa tsayawa bayan kamar awa guda a motsa yatsu. Idan duk da haka sanƙarewar tana tayar da mutum daga barci, ko yatsu suna yin fari fat da sanyin safiya, ko abu yana suɓucewa daga hannu, to maganar ta wuce soso, a je a ga likita, domin matsewar jijiya da ciwon suga duka suna zuwa da irin waɗannan alamu.

Kulawa

Ko mai rufaffun ƙofofi yana ɗan riƙe ruwa a fatarsa, don haka idan ruwan sama ya doke shi a matse da tsumma kafin a hau, wanda kuma yake kafe babur a waje da damina ya riƙa zura wa hannayen leda. Da hunturu ƙura ce take haɗuwa da zufa ta toshe shi ya yi santsi, sai a riƙa goge shi da jiƙaƙƙen tsumma da ɗan sabulu duk mako, a ɗauraye, a kiyaye kada kumfa ta shige ƙarƙashi. Zafin Maris da Afrilu shi ne babban abokin gabarsa, inuwa ko ɗan ƙyallen rufi suna ƙara masa kwana. A wurin wankin babur a gaya wa yaran kada su shafa masa man ƙyalli ko su sa masa bakin tiyo mai ƙarfi, kuma idan fetur ya taɓa hannu a gidan mai a goge kafin a kama.

Idan wurin da tafin hannu yake zama ya lotsa bai tashi ba, ko bakinsa ya fara tsagewa, ko layin biro ya fara rabuwa, ya gama aikinsa. Ba a wahalar zare shi: a zura reza a ƙarƙashin bakinsa, kaifinta yana kallon sama domin kada ta yanki robar asali, a tsaga shi a tsaye daga wannan baki zuwa wancan, a ɓare. A wanke robar ta bushe, a sake auna ta da zare kafin a sayo sabo, domin robar da ta yi shekara a matse ba lallai ta ba da awon da ta bayar da farko ba.